Hoton da Ya Rufe Jar Fitila

Rafin Guza,
Kaduna.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah Ya sa takardar nan ta same ka da lafiyar jiki da sanyin zuciya, Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya kiyaye gabanka da bayanka a duk hanyar da za ka hau. Amin.

Na san za ka yi mamaki ƙanwarka ta miƙo maka takarda daga mutumin da kuke kwana gida ɗaya, kuke tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina gare ka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Haka na taso na ga ana yi, ni ma haka na yi. In ina son wani abu a wurinka sai in aiko ƙannenka. To amma ranar Asabar za ka tafi Saminaka wurin Baffanka, za ka tafi da a-kori-kurar nan ka riƙa yi masa jigilar masara da dankali tsakanin can da Jos. Idanuna sun yi rauni, tuƙi ya fi ƙarfina, mota ta zama taka. Maganar da nake da ita ba ta aiken yaro ba ce, kuma in na ce zan faɗa maka da baki na san kaina, zan tsaya a "Allah Ya kiyaye hanya" in juya.

Shekaranjiya na shigo zaure na same ka a durƙushe da reza, kana yankan roba daga tsohon tiyub. Ka yanka har da na ajiya, ka nannaɗe su tsaf kamar mai haɗa guzuri. Ka ɗago kai ka ce, "Baba, na ɗaure giya ne, saboda hanya." Da fara'a ka faɗa, kana jiran in yaba maka. Na ce "To," na wuce. Da na shiga ɗaki sai na zauna bakin gado. A wurina ka koyi wannan. Ka ɗauka gwaninta ce, kuma ni na bar ka ka ɗauka haka. Gangaren Kaduna wasa ne a kan na hanyar Jos. Ba na so ka sauko daga kan duwatsun nan da lodin dankali, ranka yana rataye a jikin robar tiyub.

Bari in fara daga inda abin ya fara.

Na sayi motar nan tun kafin a canja hannun tuƙi a ƙasar nan, shi ya sa sitiyarinta yake dama har yau. Ko a lokacin ba sabuwa ba ce, wani ɗan kwangila ya riga ya more ta. Amma duk agogunan da ke kan dashbod suna aiki, giya kuma tana shiga sumul. Abin da ya fara lalacewa shi ne agogon gudu. Allurar ta fara rawa, ina tafiya a hankali tana nuna kamar zan tashi sama, da wani siririn ƙara a bayan dashbod kamar kukan gyare. Wata rana ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Na ji daɗi ma da ƙaran ya daina.

Malam Iliya, bakaniken nan na bayan tashar Kawo, shi ya lura. Ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Sani, wayar agogon nan daga gidan giya ta taso. In ta kwance a can ƙasa, ta nan man giya yake zurarewa. Kawo ta in duba maka."

Na ce, "Iliya, ni kujeru da gadajen ma'aikata nake kwasa daga Kawo zuwa Unguwar Dosa. Da wa zan yi tsere?"

Ya ce, "Ba gudunka nake ji ba, man nake ji."

Na yi dariya na ja mota. Da aka mayar da allunan hanya daga mil zuwa kilomita har ba'a na riƙa yi wa direbobi, ina cewa ni canjin bai shafe ni ba, agogona ya riga ya yi ritaya.

Mahaifiyarka ce ta biyu da ta faɗa mini. Ta ce, "Malam, motarka tana yi mana fitsari a ƙofar gida. Yara suna takawa suna shigo mini da shi kan tabarma." Ka san abin da na yi? Kowace safiya in na ja motar baya sai in fito in ɗebi ƙasa in rufe wurin. Tabarma ta huta, ƙorafi ya ƙare, ni kuma na ɗauka na magance matsala. Mai kuwa yana nan yana tafiya ɗigo-ɗigo.

Abba, kowace safiya kafin ka tayar da inji ka durƙusa ka dubi ƙasan da mota ta kwana. In ka ga ɗigo ka taɓa da yatsa ka sansana. Na inji baƙi ne, yana warin ƙuna. Na giya ya fi kauri, warinsa kuma mai hawa kai ne, in ka ji shi sau ɗaya ba za ka manta ba. Gidan giya ba shi da fitila ko agogo a gabanka da zai gaya maka ya bushe. Sai ka shiga ƙarƙashi ka kwance murfin da ke gefensa ka zura yatsa. In yatsanka bai taɓo mai ba, kada ka je ko'ina. Kuma in wani agogo ya mutu kada ka ce ba ka bukatarsa. Ka tambaya me ya kashe shi.

Bayan wani lokaci motar ta fara kuka. In na taka totur sai in ji wani gunji daga ƙarƙashin kujera, in na ɗaga ƙafa ya canja murya. Na sayi ƙaramar rediyo na rataya. In gunjin ya ƙaru sai in ƙara murya. Na zuba mata mai daga baya, ba na musu, amma lokacin ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Sannan ga wata ɗabi'a da na ɗauka a cunkoson bakin tasha, ta ɗora ƙafa a kan kuloci ina tafiya, wai don in kasance a shirye. Na ga kai ma kana yi. Ka daina. In ka gama sa giya ka sauke ƙafarka ƙasa. Haka na cinye kuloci, har ta kai in zan sa ta ɗaya ko ribas sai an ji ƙarar a ƙarshen layi, yaran unguwa suna cewa ga Baban Abba zai fita.

Daga nan giya ta biyu ta fara fita da kanta. Ba a hawa take yi ba, a gangara take yi, daidai lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur kana so inji ya riƙe maka nauyin lodi. Sai ka ji ƙwas, hannun giya ya koma firi, ba ya cikin kowace giya, mota ta saki jiki. Da farko da hannun hagu nake danne ta, ina tuƙi da dama. Kafaɗata ta gaji. Sai na ga wani direban Funtuwa ya ɗaure tasa da roba, ɗaya bakin a ƙarfen kujera, ɗayan ya yi masa zarge yana ratayawa a hannun giya. Na ce wannan ai dabara ce. Ran nan na nemi tiyub.

Tanko, taubashin nan nawa da muke lodi tare a Kawo, da ya gani sai da ya tara mini mutane. Ya ce, "Ku zo ku ga motar da aka yi wa linzami! Sani, saura ka saya mata dusa." Aka yi ta dariya. Amma cikin dariyar akwai yabo, ana cewa Sani ya san kan motarsa, wani ba zai iya tuƙa ta ba. Maganar nan ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Iliya ya ce in bar masa ita ya sauke gidan giya. Na ce sai bayan salla. Bayan salla na ce sai an gama kaka. Kullum da aikin da ba na so ya wuce ni, kullum kuma robar tana riƙewa.

Ranar da ba ta riƙe ba kana cikin motar. Na san ka tuna, amma abin da ka tuna daban ne da abin da ya faru.

Farkon damina ne, kana firamare, an yi hutu. Na ɗauko siminti zan kai wani ƙauye bayan Rigachikun, ka roƙa ta bakin ƙanwarka a tafi da kai. Akwai gangarar nan mai sauka rafi, da ƙaramar gada wadda mota ɗaya ce ke iya bi. Na sa ta biyu, na rataya roba kamar kullum. Rana ta riga ta gasa robar, ni ban duba ba. Muna tsakiyar gangara ta tsinke, ta tsula mini a wuyan hannu, giya ta fita. Inji ya yi shiru, mota ta fara gudu da nauyin simintin nan a bayanta. Na taka kuloci na tura ta biyu, ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta ƙi shiga. Na taka birki, ya kama kaɗan, ya saki. Na sake takawa, ƙafata ta tafi kusan ƙasa. A kan gadar akwai mata masu tallan nono da ƙorai a ka, sun ba mu baya. Na danna ham, suka waiwayo, suka tsaya cak, don babu inda za su kauce.

Allah ne Ya sa akwai gona a gefen hanya wadda aka yi wa sabuwar huɗa, ƙasa ta sha ruwa. Na karya sitiyari muka faɗa ciki. Motar ta yi ta tsalle tana turbuɗa hanci, har taɓo ya riƙe ta. Mai gonar, wani dattijo, ya taho da fartanya a kafaɗa, ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Direba, hanyar ce ta yi maka kaɗan?"

Kai kuwa dariya kake yi, ka riƙe ƙarfen ƙofa, idanunka suna ƙyalli. Ka ce, "Baba, da gangan ka yi, ko?"

Na ce, "Sauka ka nemo duwatsu."

Ban ce maka a'a ba. Na zagaya bayan mota inda ba za ka gan ni ba, na dafa buhun siminti ina ta salati. Da muka dawo gida na ji ka a ƙofar gida kana ba abokanka labari, wai Babanka ba ya tsoron gangara, wai ko giya ta fita ya san yadda zai yi. Ina daga zaure ina ji. Ya kamata in kira ka in ce maka ƙarya ne, tsoro ya kusa kashe ni, kuma saura ƙiris in kashe matan mutane in kashe ka. Sai na yi shiru, don daɗin da na ji ɗana yana alfahari da ni. Washegari, maimakon in kai ta wurin Iliya, sai na nemi tiyub na babbar mota na yanko roba mai kauri.

Ga gaskiyar da ban gaya maka ba a ranar. Babu gwaninta a ciki. Gona ce ta tare mu, kuma a kan duwatsun Jos babu gona a gefe, rami ne. Giyar da ke fita da kanta haƙoranta ne suka cinye, roba ba ta mayar da haƙori. In za ka sauka gangara da lodi, ka sa ƙaramar giya tun kana sama, kafin mota ta ɗauki gudu, don in ta ɗauka ba za ta karɓa ba. Birki taimako yake yi, in ka dogara da shi kaɗai zai yi zafi ya bar ka. Kuma za ka haɗu da direbobi masu sakin mota a firi a gangara don tsimin fetur, musamman yanzu da ake wahalar layin mai. Ni ma na yi. Za su ce maka kowa haka yake yi. Ka bar su su wuce ka, ka same su a gaba ko kada ka same su.

Saura maganar dashbod, ita ce ta fi yi mini nauyi.

Ka san yadda na lulluɓe shi da ƙyallen karan-miski mai geza, kamar yadda direbobi ke yi don ado. Gezar ta sauko ta rufe rabin agogunan, ban damu ba, don yawancinsu sun daina faɗin gaskiya. Na fetur yana nuna rabi ko tanki ya cika ko ya bushe, sai na koma zura kara a tanki. Na zafin inji ya maƙale wuri ɗaya, sai na ga tururi nake sanin lagireto yana son ruwa. Kowanne da ya mutu sai in ƙirƙiro masa dabara, in ƙara jin ni gwani ne. Wayoyin da ke bayan dashbod ɗin nan sun tsufa, zafin rana ya busar da rigarsu, girgiza tana goga su a jikin ƙarfe. Yawancin ciwon ke nan, ko kuma fis ne ya ƙone. Aikin da mai gyaran waya zai gama kafin ka sha shayi.

Jar fitilar baƙin mai, wadda ke kamawa in mai ya daina zagaya inji, ita ma ta fara ƙyaftawa ba dalili. In na faɗa rami ta kama, in na fita ta mutu. Na auna mai, yana nan cike. Iliya ya ce waya ce ta goge.

A lokacin ne aka ɗauke ka hoto na shiga makarantar gaba da firamare. An ba da waɗanda makaranta ke so, ɗaya ya rage a ambulan a ɗakin mahaifiyarka. Na ɗauke shi ba wanda ya sani. Ya daɗe a aljihun rigata har gumi ya fara cin gefensa. Ina so in sa shi inda zan riƙa ganinsa, amma ina mutum zai kafa hoton ɗan farinsa a gaban mota a tashar Kawo? Wata safiya ina jiran lodi, fitilar nan tana ta ƙyaftawa, sai na zaro hoton na soke shi a bakin gilashin agogo, ya rufe ta ruf.

Ba a jima ba Tanko ya leƙo. Ya ce, "Iye! Jama'a, Sani ya zama Bature. Hoton ɗan fari a gaban mota! Gobe sai mu gan ka ka goyo shi."

Na ce, "Kai dai ba ka da aiki. Fitilar nan ce ke kashe mini ido, na rasa abin da zan rufe ta da shi, shi na samu a aljihu."

Ya ɗaga hoton ya ga tana ƙyaftawa, ya ce, "Au, to. Na ɗauka ka lalace ne." Ya mayar da shi da hannunsa.

Daga ranar na sami hujja. Duk wanda ya tambaya, fitila nake rufewa. Iliya ya yi ta cewa in tsaya ya canja wayar, ina cewa ina sauri. Ba sauri nake ba. In ya gyara ta, da me zan kare kaina? Ina tuƙi ina kallonka da ƙaramar hularka da kunnuwanka a waje, ba wanda ya isa ya ce mini komai. Har kai ka taɓa cewa, "Baba, a cire hoton nan mana, ai na girma." Na ce, "Bar shi, aiki yake yi."

Ka tuna rasuwar Goggo, kakarka ta wajen uwa. Kana makarantar kwana lokacin, abin da aka gaya maka shi ne mota ta lalace a hanya. Da hantsi aka aiko daga Zariya cewa jikinta ya yi tsanani, tana kiran mahaifiyarka. Na sauke kayan da na fara lodi, na zo gida na ɗauke ta, tana gaba da jaririya a cinya. Saboda sauri ban durƙusa na duba ƙasa ba, ban auna mai ba. Mun wuce Jaji kaɗan sai na ji inji ya fara bugawa kamar ana daka. Kafin in gangara gefe ya ƙame. Na zare hoton. Fitilar tana nan ja wur, ba ƙyaftawa, a tsaye. Allah kaɗai Ya san tun daga ina take kama da gaske. Murfin ƙasan inji ne ya sassauta, mai ya tsiyaye a hanya. Da na ga fitilar tun farko, da tsayawa kawai zan yi in ɗaure in zuba wani.

Muka tsaya bakin titi cikin rana. Motocin haya suna wucewa a cike. Mahaifiyarka tana tsaye da goyo, tana dai kallon hanyar Zariya. Sai can bayan azahar wata babbar mota ta tsaya ta ɗauke ta. Ta isa ta tarar maza sun dawo daga maƙabarta.

Kafin ta hau motar nan, ta ga hoton a kan kujera inda na jefar. Ta ɗauka ta dube shi. Ka san ita ma ba ta kiran sunanka, ba ta ma yarda a ga tana kallonka. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta miƙo mini, ta ce, "Ajiye, kada ya ɓata." Har yau ba ta ɗora mini laifin ranar ba. In maganar ta taso cewa take yi Allah bai nufa za su gana ba. Haka ne. Amma ni na san abin da ya rufe fitilar, ita ma ta sani.

Za ka ce daga nan na hankalta. An gyara inji, Iliya ya canja wayar, na mayar da hoton gefe. Tanko ya fara magana, sai na ɗan matsar da shi ya rufe rabin fitilar, na ce ai ina ganin sauran rabin. Girgizar hanya ta ƙarasa matsar da shi, ni kuma ban mayar ba. A nan ka same shi da ka fara tuƙi, ka ɗauka nan ne mazauninsa.

Abba, kada ka rufe komai a dashbod. Ka yaye ƙyallen nan. Duk safiya in ka murɗa makulli, kafin inji ya tashi, ka ga jar fitilar ta kama, in ya tashi ka ga ta mutu. In ba ta kama ba tun farko, ƙwan ya ƙone, ka canja shi a ranar. In ta kama kana tafiya, ka gangara ka kashe inji nan take, ko da a bayanka gawa ce ko amarya. Wataƙila waya ce kawai, wataƙila kuma ba ita ba ce, ba za ka sani ba sai ka tsaya. Ban ce ka bar kunyar da iyayenmu suka bar mana ba, tana da kyau a wurinta. Amma in Allah Ya ba ka ɗa, kana son hotonsa a gabanka, ka kafa shi a fili inda ba ya rufe komai, in an yi maka ba'a ka yi dariya ka wuce. Ba'ar Tanko ba ta kai abin da na biya don guje mata ba.

Yanzu ga abin da na yi, kuma na san ba zai yi maka daɗi ba. Ka fito yau ba ka ga mota a ƙofar gida ba, ƙannenka sun ce maka na fita da ita. Tana wurin Iliya. Na tsaya a kansa har ya sauke gidan giya a gabana. Da ya buɗe, man da ya fito kamar an zuba masa garin ƙarfe, yana ƙyalli. Ya zaro ta biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Haƙoran da ya kamata su kama sun cinye, sun yi sumul kamar dasashin tsoho.

Ya ce, "Da wannan za ka tura yaro Jos?"

Na ce, "Shi ya sa na zo."

Ya ce, "Ka yi latti da shekaru, Malam Sani."

Na ce, "Na sani. Yi aikinka."

Zai canja kuloci, zai sa sabuwar wayar agogon gudu, mai gyaran waya kuma zai bi bayan dashbod ɗaya bayan ɗaya. Sai an nemo wasu kayan, don irin motar ta tsufa. Ba za ta tashi ranar Asabar ba, wataƙila har ta sama. Na aika wa Baffanka ta hannun wani direba cewa ni na riƙe ka, kada ya ga laifinka. Na san ka riga ka yi sallama da abokanka, za ka ji kunyar su gan ka kana yawo a unguwa. Ka yi fushi da ni in kana so, na ɗauka. Amma gobe ka tafi wurin Iliya ka tsaya a kansa, ka ga yadda cikin abin yake, ka ce ya nuna maka haƙoran nan ka taɓa da hannunka. Robobin da ka yanka na ba mahaifiyarka, ta ce za ta ɗaure tsintsiya da su.

Hoton kuma na cire shi. Ya koɗe, gefensa ya naɗe, akwai 'yar da'ira a bayansa inda zafin fitila ya ƙona takardar. Ba zan ba ka ba. Kai za ka tafi da mota, fitilarta a buɗe. Ni zan zauna da hoton. Na kafa shi a bangon zaure, saitin inda nake zama, babu abin da yake rufewa. Tanko ya zo da yamma ya gani, ya buɗe baki zai fara. Na ce masa, "Ɗana ne. Zauna ka sha ruwa." Ya zauna.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin gaggawa, Ya sa ka fi ni jin magana, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar lodi. Ka gaida Baffanka da iyalinsa in ka isa. Ka yafe mini abin da na koya maka ba daidai ba, ni na yafe maka duniya da lahira. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani Direba.